Littafin Lagaranj: Yadda 'Yan Wasan Moliyar Suka Riƙa Raba Cinikinsu

 

A zagayowar ranar kafa ƙungiya akan yi waiwaye, tunda waiwaye adon tafiya ne. Mu da aka damƙa wa littafin ƙungiya mun ga ya kamata mu waiwaya nesa kaɗan, mu kawo muku tarihin wata ƙungiya ta ƙasar Faransa. Su ba fatake ba ne, 'yan wasan kwaikwayo ne, teyatur kamar yadda wasunmu ke cewa. Duk wanda ya yi boko a ɓangaren Faransanci ya ji sunan Moliyar, har ma akan kira Faransanci harshen Moliyar. A aji akan karanta wasanninsa, amma ba a cika faɗa wa ɗalibai yadda shi da abokan sana'arsa suka riƙa karɓar kuɗi, suna sallamar ma'aikata, suna raba abin da ya rage ba. Ƙungiyar da ta tsiro daga tasu, wato Komedi Faransez, an kafa ta a 1680, kuma har gobe tana wasa a birnin Paris. Mun san labarin kuɗinsu ne saboda ɗaya daga cikinsu, mai suna Lagaranj, ya riƙe littafi daga 1659 zuwa 1685, yana rubuta wasan da aka yi kowace rana, da cinikin ƙofa, da abin da ya shiga aljihun kowa.

Kafin mu shiga, ga bayanin kuɗin zamanin. Sunansa libur, kuma libur ɗaya sol 20 ne. A 1795 aka maye gurbinsa da faran, sunan da har yau yake jikin kuɗin sefa. Don a sami ma'auni, a riƙe wannan: ma'aikacin lada na ƙungiyar Moliyar a 1658 libur 2 ake ba shi a yini.

Karyewar farko

An haifi Moliyar a Paris a 1622. Mahaifinsa ɗan kasuwa ne mai rufin asiri, yana sayar da kayan ƙawata ɗaki irin su labule da shimfiɗu, har yana da muƙami a fadar sarki. Yaron ya bar gadon gida ya bi wasa. Ranar 30 ga Yuni 1643, shi da wata 'yar wasa mai suna Madelen Bejar da wasu abokansu, su goma, suka sa hannu a takardar kafa ƙungiya a gaban mai rubuta yarjejeniya na hukuma. Takardar ta yi tsauri ƙwarai. Wanda zai fita sai ya ba da sanarwar wata huɗu, wanda ya saɓa kuma tarar libur 3,000 ce a kansa.

Takarda ta yi kyau, amma jari babu. Suka kama hayar wani zauren buga ƙwallo a kan libur 1,900 a shekara, suka gyara shi da bashi, suka buɗe ranar 1 ga Janairu 1644. A lokacin akwai manyan gidajen wasa biyu a Paris da suka riga suka kama 'yan kallo. Ciniki bai taka kara ya karya ba. Suka ci sabon bashi don biyan tsoho, suka sake unguwa, duk bai yi magani ba. A watan Agusta 1645 aka kai Moliyar gidan kaso saboda bashin libur 142 da wani mai sayar da kyandir ke bin ƙungiyar. A wancan zamani da kyandir ake haska dandali, don haka mai kyandir na cikin mutanen da ba a iya wasa sai da su. Sai da wani mai sana'ar daɓe tituna da duwatsu ya tsaya masa sannan aka sake shi, daga baya mahaifinsa ya sa hannu wajen biyan basussukan.

Ƙungiyar ta watse. Moliyar da Madelen suka shiga wata ƙungiya mai yawo, suka yi shekara 13 suna zaga garuruwan Faransa, musamman na kudu. A can suka koyi abin da ba su sani ba da farko, wato a auna hayar wuri da abin da gari zai iya kawowa, kuma kada a kwana da kuɗin mutane.

Kaso goma

Ranar 24 ga Oktoba 1658 suka yi wasa a gaban Sarki Luwi na 14 a fadar Lubur. Wasan ya yi wa sarki daɗi, aka ba su izinin zama a Paris. Su goma ne masu kaso, maza shida, mata huɗu, sai ma'aikacin lada guda ɗaya. Babu mai gida da ke biyan sauran albashi. Kowane ɗan wasa abokin tarayya ne, kuma abin da zai samu ya dogara da abin da ƙofa ta kawo. Kason mace daidai yake da na namiji.

Ana iya ba mutum cikakken kaso ko rabi, gwargwadon amfaninsa a dandali. A 1670 wasu ma'aurata masu suna Bobal suka shigo ƙungiyar. Matar ta fi mijin iya wasa nesa ba kusa ba, sai aka ba ta cikakken kaso, aka ba mijin rabi. Moliyar kansa, duk da shi ne shugaba, kaso ɗaya yake ɗauka da farko. A 1661 ya nemi a ƙara masa na biyu, nasa ko na matarsa idan ya yi aure, abokan tarayya suka amince. A Fabrairu 1662 ya auri Armand Bejar, kason ya zama nata. Shugaba ma sai da ya tambaya, aka yarda, aka rubuta.

Shekarar lissafinsu tana farawa ne daga bikin Ista zuwa Ista mai zuwa. A lokacin bikin akan rufe gidajen wasa kamar mako uku. A wannan hutu ake rufe littafin shekara, mai fita ya fita, mai shiga ya shiga, a sake ƙidaya kaso. Lagaranj a irin wannan hutu ya shigo, a Istan 1659.

Da farko zaure ɗaya suke amfani da shi da wasu 'yan wasa Italiyawa da suka riga su zama. Italiyawan na riƙe da ranakun da suka fi ciniki, Talata da Juma'a da Lahadi. Mutanen Moliyar suka biya su libur 1,500 don su sami sauran ranakun. Da Italiyawan suka tafi gida a 1659, sai suka karɓi ranakun masu kyau. Wanda ya taɓa neman rumfa a bakin hanya a ranar kasuwa ya san abin da ake nufi.

Lissafin kowane dare

Wani marubuci mai suna Shapuzo ya wallafa littafi a 1674 a kan gidajen wasan Faransa, ya bayyana yadda ake yi bayan an tashi daga wasa. 'Yan kallo na watsewa, masu kaso sukan taru. Mai karɓar kuɗin ƙofa ya kawo abin da ya tara tare da takardarsa, a ƙirga a gaban kowa. Akwai ma'aji, akwai magatakarda, akwai mai bin diddigin lissafi, kuma dukansu daga cikin 'yan wasan ake zaɓensu. Abu na farko da ake cirewa shi ne kuɗin da aka kashe a ranar: ladan ma'aikata, kyandir, buga takardun talla da manna su. Wani lokaci a ware wani abu don biyan bashi ko shirin sabon wasa. Abin da ya saura shi ake rabawa bisa yawan kaso, kowa ya tafi gida da nasa a daren.

Kuɗin shiga na masu tsayuwa a filin da ke gaban dandali sol 15 ne. Masu hali sukan kama ɗakunan zama na gefe da tsada. Idan sabon wasa ya karɓu, sai a ninka farashi. Littafin Lagaranj ya nuna yadda wannan ke aiki. Ranar 18 ga Nuwamba 1659 suka fito da wani gajeren wasan ban dariya a kan 'yan mata biyu masu kwaikwayon yangar matan fada. Cinikin ranar libur 533 ne. Da suka ga gari ya ɗauka, a wasa na biyu, ranar 2 ga Disamba, suka ninka farashi, ƙofa ta kawo libur 1,400.

Ba kullum ake kwana a gado ba. Akwai ranakun da bayan an cire kuɗin da aka kashe ba abin da ya rage, Lagaranj ya rubuta cewa rabo babu. Irin waɗannan ranaku ma bai tsallake su ba, kuma shi ya sa masana ke yarda da littafinsa. Yana da wasu alamomi da yake zanawa a gefen shafi, shuɗi don abin farin ciki, baƙi don rasuwa. Littafin nasa ne na kansa, yana kwafo shi daga manyan littattafan ƙungiya, waɗanda kaɗan daga cikinsu ne suka tsira, kamar na Latoriliyar da na Uber. Ke nan ban da littafin ofis, ɗan ƙungiya na iya riƙe nasa, ya gwada da na ma'aji.

A ƙarshe ya tara abin da shi kansa ya samu daga shigarsa zuwa rasuwar Moliyar, shekara 14, ya kai libur 51,670. A raba, kusan libur 3,700 ke nan a shekara. Ma'aikaci mai libur 2 a yini, ko da bai huta rana ɗaya ba, libur 730 zai haɗa a shekara. Mai kaso ya fi shi samu sosai, sai dai shi ke ɗaukar asara, kuma yawancin tufafin wasa, masu tsadar gaske, daga aljihunsa yake ɗinka su.

Masu cin ladan yini

Bayan masu kaso akwai jama'a da yawa da ba a tafa musu. Akwai mai gadin gida, da mai kwafe wa kowane ɗan wasa maganganunsa, da masu goge irin na Turawa, da mai shirya dandali, da mata masu buɗe ɗakunan zama, da mai manna talla a bango. Akwai masu datse lagwanin kyandir a tsakiyar wasa don kada hayaƙi ya turnuƙe zaure. Akwai masu tsaron ƙofa, kuma aikinsu ya fi na kowa haɗari, domin sojojin fada da barorin manya sukan so shiga ba biya, takobi a ɗamare. An sha ji wa masu ƙofa rauni, wasu har sun rasa ransu. Haka kuma akan cire sadaka a kai a kai ga wasu malaman coci da ake kira Kapusan, waɗanda su ne ke kai ɗauki idan gobara ta tashi, ga gida na katako cike da kyandir.

Waɗannan mutane ba su da kaso a riba, amma su ake fara sallama. Ko ciniki ya yi kyau ko bai yi ba, ladansu na fita kafin mai kaso ya taɓa sol ɗaya. Matsalarsu ɗaya ce: ranar da ba a yi wasa ba, babu lada. Kuma ranakun rufewa suna da yawa. A Janairu 1666, da mahaifiyar sarki ta rasu, an rufe gidajen wasa na makonni saboda zaman makoki.

Ranar 17 ga Fabrairu 1673 Moliyar na fama da ciwon ƙirji mai tsanani, ga shi ranar ce ta huɗu ta sabon wasansa, wanda a ciki yake fitowa a matsayin mutum mai ƙoshin lafiya da ya ɗora wa kansa zaton ciwo. Wani mai suna Girimare, wanda ya rubuta tarihin rayuwarsa a 1705, ya ruwaito cewa matarsa da wani matashin ɗan wasa sun roƙe shi ya huta, ya ƙi, yana mai cewa akwai talakawan ma'aikata hamsin da ba su da abin kai wa gida sai ladan ranar. Ya yi wasan, aka kai shi gida, ya cika a daren. Lagaranj ya rubuta cinikin ranar kamar kullum, sannan ya zana baƙar alama a gefe.

Alkawarin manya

Da suka dawo Paris a 1658, ƙanin sarki ne ya ɗauke su a ƙarƙashin inuwarsa, suna amsa sunan 'yan wasansa. Ya yi alkawarin ba kowane ɗan wasa libur 300 a shekara. Lagaranj ya rubuta alkawarin a farkon littafinsa, ya kuma rubuta a gefe cewa ba a taɓa biyan kuɗin ba. Da sun ci bashi da sunan wannan alkawari, da an koma gidan jiya.

A Agusta 1665 sarki da kansa ya karɓe su, ya yanka musu libur 6,000 a shekara, daga baya aka kai 7,000. Kuɗi ne mai kauri, ga suna, ga ladan wasannin da suke yi a bukukuwan fada. Amma a gwada shi da ƙofa. Akwai wasansu mai suna Tartuf, labarin wani mayaudari mai fakewa da ibada don ya cinye dukiyar mai masaukinsa. An hana shi a 1664. Ranar 5 ga Agusta 1667 suka gwada fito da shi da wani suna, washegari shugaban babbar kotun Paris ya sake hana shi, sarki kuwa yana fagen yaƙi a arewa. Ƙungiya ta tura Lagaranj da Latoriliyar su kai kuka sansanin sarki kusa da birnin Lil. Tafiyar ta ci libur 1,000 daga asusun ƙungiya, gidan wasa ya zauna a rufe kusan mako bakwai, kuma ba su dawo da izini ba. Sai ranar 5 ga Fabrairu 1669 aka sake shi. Cinikin wannan dare kaɗai libur 2,860 ne. Dare uku irin wannan sun fi tallafin sarki na shekara guda.

Zauren wasa ma kyautar sarki ce, ba sa biyan haya. To, abin aro ba ya ado. A Oktoba 1660 ma'aikatan fada suka fara rushe zauren da suke ciki ba tare da an sanar da su ba, don za a faɗaɗa fadar Lubur. Suka yi wata uku ba wurin wasa, suna rayuwa da wasannin da manya ke gayyatarsu su yi a gidajensu. Sauran gidajen wasa suka yi ta zawarcin 'yan wasan ɗaya bayan ɗaya, ba wanda ya tafi. Ranar 20 ga Janairu 1661 suka buɗe a wani zauren na sarki, bayan gyara mai yawa. Wannan ma, Moliyar na rasuwa, sarki ya karɓe shi ya ba mawaƙin fada Luli.

Haƙƙin wanda ya gaji

A Istan 1670 Luwi Bejar, ƙanin Madelen, wanda ya daɗe yana ɗingishi, ya ajiye wasa. Abokan tarayya suka yanke masa fanshon libur 1,000 a shekara har ƙarshen ransa. Shi ne na farko a ƙungiyar. Kuɗin kuwa daga jikin 'yan wasa suke fita. Ma'auratan Bobal da suka shigo a shekarar, cikin sharuɗɗan karɓarsu har da biyan libur 500 na wannan fansho. Sabon shiga na ɗaukar nauyin wanda ya ba shi wuri, da sanin cewa wata rana shi ma wani zai ɗauki nasa. Wannan tsari ya bi ƙungiyar har bayan 1680, kuma libur 1,000 ɗin ya daɗe yana zaman ƙa'ida.

Bayan shugaba

Ƙungiyoyi da yawa tare da wanda ya kafa su ake binne su. Ta Moliyar ma ta kusa. A Istan 1673 'yan wasa huɗu, cikinsu har da ma'auratan Bobal da Latoriliyar, suka koma gidan abokan hamayya, zaure kuma an ƙwace. Armand, matar marigayin, da Lagaranj suka tattara waɗanda suka rage, suka kama hayar wani zaure a titin Genego, aka haɗa su da 'yan wasan wani gida da aka rufe, suka buɗe a Yuli 1673. Shugaba ya tafi, amma kowa ya san kasonsa, ya san bashin da ke kan ƙungiya, ya san yadda ake ƙirga kuɗi da dare. Da wannan suka ci gaba.

A 1680 Sarki Luwi na 14 ya ba da umarnin haɗe gidajen wasan Faransanci biyu da suka rage a Paris su zama ɗaya, 'yan wasa 27. Ita ce Komedi Faransez. Ranar 5 ga Janairu 1681 suka sa hannu a takardar tarayya a tsakaninsu. A 1682 sarki ya yanka musu libur 12,000 a shekara, a 1685 kuma aka tsayar da yawan kaso a kan 23, ana iya tsaga kaso gida biyu ko huɗu. Tsayar da adadin ya hana a yi ta cusa mutane har rabo ya zama ba komai. A 1687 aka sake tashinsu daga zaurensu saboda za a buɗe wata babbar makaranta kusa da wurin. Wannan karon sai suka sayi fili suka gina nasu, wanda ya ci kusan libur 200,000, aka raba nauyin a kan kaso 23 ɗin. An buɗe shi a Afrilu 1689. Lagaranj na cikin waɗanda suka yi ta kai da kawowa a kan wannan aiki, ya rasu a 1692. A 1699 hukuma ta ɗora musu harajin sudusi a kan kuɗin shiga don gidan kula da matalauta na Paris, shi ma ya sami layinsa a littafi.

Ranar da aka ɓoye lissafi

Tarihin nan yana da tabo, kuma bai kamata mu tsallake shi ba. A tsakaninsu 'yan wasan sun iya gaskiya, amma da waɗanda ke kawo musu haja, wato marubuta wasanni, abin ya sha bamban. A zamanin Moliyar akan sayi wasa kai tsaye, kamar yadda aka biya Korney libur 2,000 a kan wasa ɗaya a 1667, ko a ba marubuci kaso biyu muddin wasan na sabo. Daga baya aka mai da shi ɗaya bisa tara na ciniki, bayan an cire kuɗin da aka kashe, ga babban wasa. Sai aka saka wata ƙa'ida: idan ciniki ya faɗi ƙasa da wani adadi, wasan ya zama mallakar 'yan wasa, marubuci ba shi da sauran haƙƙi. A ƙarni na 18 adadin ya kai libur 1,200 a lokacin sanyi, 800 a lokacin zafi. Tunda su ke zaɓen ranar da za a yi wasa, ba wuya su sa shi a ranar da gari ba kowa, ya faɗi, ya zama nasu. Ga kuma kuɗin ɗakunan da masu hali ke kamawa na shekara guda, waɗanda ba a sa su cikin cinikin da ake nuna wa marubuci.

An daɗe ana haka, sai aka gamu da Bomarshe, marubucin da shi ma ɗan kasuwa ne, ya san lissafi. Wasansa na wanzamin birnin Sebil, wanda ya fito a 1775, ya karɓu ƙwarai. A farkon 1777 'yan wasan suka aika masa libur 4,506 na wasa 32, ba tare da takardar lissafi ba. Ya mayar da kuɗin, ya ce a kawo masa lissafi dalla dalla. Suka yi ta jan ƙafa. Ranar 3 ga Yuli 1777 ya tara marubuta kamar ashirin a gidansa, suka kafa ƙungiyar kare haƙƙinsu, wadda magajiyarta ke aiki har yau. A Janairu 1791, lokacin juyin juya halin Faransa, aka yi dokar da ta hana yin wasan marubuci mai rai sai da izininsa a rubuce, ta kuma ba kowa damar buɗe gidan wasa. Komedi Faransez ta rasa keɓantaccen ikon da ta riƙe fiye da shekara ɗari. A 1793 aka rufe gidan aka kama 'yan wasansa saboda rikicin siyasa, sai a 1799 suka sake haɗuwa.

Da aka zo sake gini, tsohon tsarin aka ɗauko. Dokar da Napoliyon ya sa wa hannu, mai ɗauke da kwanan watan 15 ga Oktoba 1812 daga birnin Mosko, ta tabbatar da masu kaso da masu albashi da fansho. Har yau gidan na da waɗannan rukunoni biyu na 'yan wasa, ana ƙirga kaso da ɗaya bisa goma sha biyu. Tambarinsu amyar zuma ce, takensu kuma na nufin a kasance tare, kowa kuma da matsayinsa. Littattafan cinikinsu na kullum daga 1680 zuwa 1793 suna nan a ajiye, an ɗauki hotonsu an sa a intanet, duk mai so zai iya duba abin da ƙofa ta kawo a wani dare shekara 300 da suka wuce.

'Yan'uwa, sana'armu daban, zamaninmu daban, amma tambayoyin da waɗannan mutane suka amsa su ne ke zuwa teburin kowace ƙungiya. Kuɗin ƙa'ida da muke tarawa, da sefa ne ko da naira, a gaban mutum nawa ake ƙirga su, kuma a ranar ake rubutawa ko sai an tuna? 'Yan dako da masu gadi da yaran mota, su ake fara sallama ko sai abin da ya rage? Gudummawar da babban baƙo ya faɗa a lasifika ranar biki, muna jira ta shigo hannu kafin mu kashe ta? Dattijon da ƙafarsa ta daina ɗaukar hanya, me ƙungiya ta rubuta masa tun yana da ƙarfi? Sannan wanda ba ɗan ƙungiya ba amma muna hulɗa da shi, direba ne ko dillali ko mai ba mu kaya bashi, idan ya ce a nuna masa lissafi, fushi muke yi ko takarda muke miƙa masa? Mutanen Moliyar sun amsa huɗun farko da kyau, suka daɗe. Ta biyar magadansu suka yi wa riƙon sakainar kashi, ta ja musu asarar da ta fi abin da suka ɓoye.

Muna roƙon kowane ɗan ƙungiya ya riƙe ɗan littafinsa kamar yadda Lagaranj ya yi, ya rubuta abin da ya biya da ranar da ya biya, ya zo da shi taro mu gwada da namu. Wannan ba rashin yarda ba ne, sauƙi ne ga ma'aji da akawu. Allah Ya kai mu baɗi lafiya, Ya tsare mana hanya, Ya ba mu ciniki mai albarka.